Jiƙon Hof a Tankin Lemo: Yadda Masu Dafa Giya a Gida Suke Farautar Ƙamshi a Amurka

Duk wanda ya yi aiki a gidan abinci ko rumfar sayar da lemo a Amurka kafin shekarun 1990 ya san wani dogon tanki na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake jerawa a ƙarƙashin kanta. Tsawonsa bai wuce santimita 65 ba, yana cin galan 5, wato kusan lita 19. A samansa akwai murfi mai zoben roba, sai ƙananan baki biyu: ta ɗaya gas ke shiga, ta ɗaya lemo ke fita. Kamfanin Cornelius na jihar Minesota ne ya yi fice wajen ƙera shi, har sunan kamfanin ya bi tankin. Na Pepsi da na Coca-Cola ma bakinsu bai zo ɗaya ba, kowanne da irin makamar da tiyonsa ke kamawa.

Da kamfanonin lemo suka koma ɗura ruwan zaƙinsu a jakar leda cikin kwali, sai tankunan suka rasa aikin yi, aka jibge su a sito da wuraren 'yan gwangwan. Waɗanda suka tsince su a arha su ne masu dafa giya a gida. Dalilinsu a fili yake. Dahuwa ɗaya ta mai aikin gida galan 5 ce, daidai cikin tankin, kuma kafin samunsa sai mutum ya wanke kwalabe kusan 50, ya cika su ɗaya bayan ɗaya, ya buga wa kowace marfi, sannan ya jira mako biyu ko uku. Yanzu tanki ɗaya zai wanke, ya saka shi a tsohon firji, ya haɗa masa tukunyar gas da famfo, shi ke nan.

Su kansu masu wannan sana'a ta sha'awa ba su daɗe da samun 'yanci ba. Amurka ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, kuma da aka ɗage haramcin doka ta sake wa masu yin ruwan inabi a gida mara, amma ta yi shiru a kan giya. Sai a ranar 14 ga Oktoban 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba kowane baligi damar dafa galan 100 a shekara ba tare da haraji ba, ko galan 200 ga gida mai baligai biyu, da sharaɗin ba na sayarwa ba ne. A wannan shekarar ce Charlie Papazian ya kafa ƙungiyar masu dafa giya a gida a Boulder ta jihar Kolorado. Jihohin Misisifi da Alabama su ne na ƙarshe, sai a 2013 suka bi sahu. Ingila ta riga su, tun 1963 ta soke lasisin dahuwar gida.

Hukuncin giya a wurin Musulmi sananne ne, babu mai neman a maimaita masa. Amma sanin yadda wasu al'ummu ke sarrafa tsiro da iska da sanyi ilimi ne, kuma a cikin wannan tanki akwai wata ɗabi'a da ta haɗa tarihin noma, da kimiyyar sinadarai, da gardamar da har yau ba ta mutu ba. Ɗabi'ar ita ce a jefa busasshen furen hof a cikin tankin da ake zuba giyar daga gare shi, a bar shi ya jiƙa a sanyi, ana sha yana ciki.

Furen da wuta ke kore wa ƙamshi

Hof tsiro ne mai naɗo, sunansa na kimiyya Humulus lupulus, kuma dangi ɗaya suke da tabar wiwi, ko da yake ba shi da sinadarin da ke bugarwa. Saiwarsa na shekaru a ƙasa, kowace bazara ta turo sabbin rassa su hau igiya har mita 6 ko 7. Manomi macen kawai yake so, domin ita ke fitar da wani kore, lallausan fure mai ɓawo-ɓawo a jere. Idan aka ɓare furen za a ga wani gari ruwan ɗorawa mai danƙo a gindin ɓawon. Wannan gari shi ne dukiyar. Sauran ganye ne kawai.

Tsiron yana da zaɓen wuri. Yana son doguwar rana ta bazara da sanyin hunturu, shi ya sa gonakinsa suka taru a yankuna kaɗan: Hallertau a kudancin Jamus, kwarin Yakima a jihar Washinton inda ake noma mafi yawan hof ɗin Amurka, Kent a Ingila, Žatec a ƙasar Cek, da Nelson a Niyu Zilan. A yankinmu, inda dare da rana suke kusan kunnen doki duk shekara, ba ya yin abin kirki. Shi ya sa lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya da na lemon malt na Najeriya suka sami mafita a dawar da manoman Arewa ke nomawa, amma hof bai sami magaji ba. Masana a jami'o'in ƙasar sun gwada shuwaka, da namijin goro, da ganyen darbejiya. Ɗaci kam an samu, ƙamshin ne ya gagara, kuma har gobe daga waje ake sayo hof. Burukutu da fito, su da ma ba su san shi ba, wannan na cikin abin da ya sa ba sa jure ajiya.

Masu sayen hof suna da hanyar gwaji da ba ta canja ba tun kakanni. Mutum zai ɗebi fure cikin tafin hannu, ya murza da ƙarfi da ɗaya tafin har ya ji ɗumi, furen ya dagargaje, hannun ya yi rawaya ya yi danƙo. Sai ya haɗa tafukan biyu ya tusa hanci. Wani iri zai ba shi lemon tsami da ɓawon lemo, wani mangwaro, wani ƙaron itace, wani kuma albasa da tafarnuwa idan an makara wajen girbi. Abubuwa biyu ne a hannun nasa. Na farko ƙaro ne mai ɗauke da sinadaran ɗaci, waɗanda ba sa narkewa sosai sai an tafasa su. Na biyu mai ne ɗan kaɗan, sau da yawa bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na nauyin furen ba, kuma shi ne ƙamshin.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke fito da na farkon shi ke kashe na biyun. Awa guda ana tafasa ruwan tsiron sha'ir da hof domin ɗacin ya fita, kuma a cikin wannan awar mai ƙamshin duk ya bi tururi. Mai shayin da ya iya sana'arsa ya san haka: ganyen shayi yana kan wuta, amma na'ana'a sai an kusa saukewa. Masu giya sun wuce nan ma. Suka ce a bar wani kaso na furen kada ya ga wuta sam, a jira sai yis ya gama aikinsa, sannan a jiƙa shi a sanyi.

Daga gangar katako zuwa San Faransisko

Turawan Ingila ne suka raini wannan dabara. A gidajen giyarsu na ƙarni na 19, kafin a toshe ganga sai ma'aikaci ya cusa cikin hannu guda na busasshen hof ta ramin, yawanci irin Goldings na Kent, daga baya kuma da Fuggle. Gangunan da ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Indiya, waɗanda ke shafe wata huɗu zuwa shida suna zagaye kudancin Afirka, su ma da hof a cikinsu suke tafiya, saboda an daɗe da lura cewa yana hana giya saurin lalacewa. Wata malamar coci Bajamushiya, Hildegard ta Bingen, ta rubuta haka tun ƙarni na 12. Har yau a wasu mashayun Ingila ana kawo ƙaramar ganga mai cin kusan lita 41 da dunƙulen hof a ciki, a kwantar da ita a ɗakin ƙasa mai sanyin digiri 11 zuwa 13 a ma'aunin Celsius, a jira ta kwanta. Sai dai gangar Ingila tana da rauni guda: duk kofin da aka zuba, iskar ɗaki ce ke maye gurbinsa. Kwana uku da buɗewa, abin da ya rage ya fara juyawa.

A Amurka kuwa manyan kamfanoni sun yi watsi da wannan aiki, har zuwa ƙarshen shekarun 1970 da gidajen giyar ƙasar gaba ɗaya ba su kai 100 ba, kusan dukansu kuma abu iri ɗaya suke yi, marar ɗaci marar ƙamshi. Fritz Maytag, mai ƙaramin kamfanin Anchor a San Faransisko, ya zaga gidajen giyar Ingila ya ga yadda ake yi. A 1975 ya fitar da Liberty Ale, wadda ya jiƙa wa wani sabon irin hof mai suna Cascade, da masu bincike na gwamnati a jihar Oregon suka saki a 1972. Ken Grossman, wanda ya kafa Sierra Nevada a garin Chico a 1980, shi ma daga shagon sayar da kayan dahuwar gida ya taso. Daga nan abin ya zama tsere. Aka fitar da Simcoe a 2000, Mosaic a 2012, da Citra a tsakaninsu, kowanne ya fi na baya ƙamshin 'ya'yan itace. Yau gidajen giyar Amurka sun haura 9,000, kuma da yawa daga masu su a gareji suka koyi aikin.

Me ya sa sai a tankin sha?

Yawancin masu aikin gida a bokitin tsimi suke jiƙa hof, kwana uku zuwa biyar, sannan su tsiyaye giyar zuwa tanki su bar tuƙar a baya. Masu jiƙawa a tankin sha suna da hujjoji a kan wannan. Yis da ke yawo a bokiti yana manne wa mai ƙamshin ya nutse da shi. Gas ɗin da ke fita lokacin tsimi yana kwashe wani ya fice da shi, shi ya sa ɗakin ke ƙamshi, kuma duk ƙamshin da aka ji a ɗaki an rasa shi a kofi. Ga shi kuma kowace juyawa daga mazubi zuwa mazubi tana shigar da iska. A tanki kuwa murfi a rufe yake, yis ya riga ya kwanta, ƙamshin ba shi da hanyar fita sai ta famfo. Raunin gangar Ingila ma babu shi, domin gas ɗin kabon ne ke cike gurbin abin da aka zuba.

Ga yadda aikin yake a hannun wanda ya saba. Zai auna giram 28 zuwa 56 na hof, ko dai furen yadda yake ko kuma wanda aka niƙa aka matse ya zama 'yan ƙwayoyi kore. Zai tafasa wata jakar raga mai ƙananan ido domin kashe ƙwayoyin cuta, ya zuba hof ɗin, ya bar masa sarari sosai, don yana kumbura idan ya sha ruwa, kuma jakar da ta cika tam tsakiyarta a bushe take fitowa. Saboda hof yana tasowa sama, sai ya jefa 'yan ƙwallayen gilashi ko cokalin ƙarfe a ciki su ja ta ƙasa. Sannan ya ɗaure bakin jakar da zaren sakacen haƙori, wanda ba a sa masa ɗanɗano ba. An zaɓi wannan zare ne saboda siririntarsa: yana bi ta ƙarƙashin zoben robar murfin ya fito waje ba tare da gas ya sami hanyar tsira ba. Zai daidaita tsawonsa yadda jakar za ta tsaya a tsakiyar tanki, ya rufe, ya buɗe gas, ya ja zoben bawul ɗin da ke kan murfi ya ji fiii, ya saki, ya sake ja, sau da dama, yana korar iskar da ta shiga. Daga nan sai firji, a sanyin digiri 3 ko 4.

Rataye jakar a tsakiya yana da hikima biyu. Ba za ta sauka ta toshe bakin bututu ba, kuma idan an sha giyar ta yi ƙasa, jakar za ta rage a sama ita kaɗai, jiƙon ya tsaya da kansa. Wasu sun bar zare sun koma maganaɗisu: ɗaya a cikin jaka, ɗaya a jikin tanki ta waje, mutum ya ja jakar sama ko ƙasa ba tare da ya buɗe murfi ba.

Duk wannan wahala saboda wani siririn bututu ne. An ƙera tankin don lemo, abin da ba shi da tuƙa, shi ya sa bututun fitarwa ya sauka har gindi, a samansa kuma akwai ɗan bawul mai sifirin wanda ɓawon fure guda ya isa ya shaƙe shi. Wanda ya zuba hof haka nan ba jaka, zai buɗe famfo ya ga ɗigo biyu sannan tsit. Gyaran kuwa sai an sauke gas, an kwance bakin da sifana, an wanke, an mayar, wataƙila kuma kofi na gaba ya sake toshewa. Masu dabara suna yanke ɗan santimita biyu daga ƙasan bututun, ko su sa masa hular raga. Na baya-bayan nan sun fi son tiyo mai laushi da aka ɗaura wa ƙwallon ƙarfe mai yawo a saman ruwa, yana zuƙo giyar daga sama inda ta fi tsabta. Akwai kuma dogon gwangwanin raga na ƙarfe da ake sayarwa don wannan aiki.

Kuskure guda kuma kusan kowane sabon shiga sai ya yi shi: jefa hof cikin giyar da ta riga ta sha gas. Kowane ɓurɓushi yana zama wurin da kumfa ke tashi, cikin daƙiƙoƙi kaɗan tankin ya yi aman kumfa kafin a lalubo murfi.

Babban abokin gaba dai iskar oksijin ce, kuma a nan ne wannan hanya ke cin karo da kanta. An zo tanki ne don gudun iska, amma ba a sa hof sai an buɗe murfi, furen kansa kuma akwai iska maƙale a tsakanin ɓawonsa. Giya mai yawan hof ba ta da haƙuri da oksijin ko kaɗan. Irin mai hazo-hazon nan da ta yi suna daga jihar Vermont, inda John Kimmich na kamfanin The Alchemist ya yi Heady Topper, tana iya rikiɗa daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan ƙasa cikin 'yan makonni, ƙamshin mangwaro ya koma na tsohon kwali. Manyan kamfanoni da kashi cikin biliyan suke auna oksijin. Mai gareji ba shi da wannan na'ura, sai dai wayo. Mafi kyawun wayon da suka gano shi ne a sa hof a tankin tun babu komai a ciki, a rufe, a haɗa tiyo daga bokitin tsimi zuwa tankin. Dahuwa ɗaya tana fitar da ɗaruruwan lita na gas ɗin kabon, wannan gas na banza sai ya bi ta cikin tankin kwana da kwanaki ya share iskar tas. Idan giya ta nuna, a tura ta ta tiyo ba tare da ta ga sarari ba. Masu sukar dabarar suna cewa gas ɗin da ke wucewa yana satar wani abu daga ƙamshin furen, ga shi kuma furen ya kwana a ɗumi. Gaskiya ne, amma asarar ba ta kai ta oksijin ba.

Kwana nawa, giram nawa

Gardamar da ta fi daɗewa ita ce ta lokaci. Ɓangare guda na cewa hof ɗin da ya wuce mako a cikin giya yana sakin ɗanɗanon ɗanyar ciyawa. Ɗaya ɓangaren na cewa sun bar shi wata biyu a firji har tanki ya ƙare ba su ji komai ba. Dukansu suna iya zama masu gaskiya, don ba abu ɗaya suke gwadawa ba: irin hof ya bambanta, yawansa ya bambanta, kuma abin da ganye ke saki a digiri 20 ba shi yake saki a digiri 3 ba.

Abin da bincike ya tabbatar shi ne ƙamshin ba ya buƙatar dogon lokaci. A 2012 wani ɗalibi mai suna Peter Wolfe, a ƙarƙashin Farfesa Thomas Shellhammer na Jami'ar Jihar Oregon, ya auna yadda man hof ke shiga giya. Ya tarar cewa jiƙon kwana bakwai bai fi na kwana ɗaya ƙamshi ba, wasu sinadaran ma raguwa suka yi, kuma idan ana motsa ruwan aikin na kammala cikin sa'o'i. Ke nan wanda ya bar jaka a tanki wata guda ba ƙarin ƙamshi yake tarawa ba. Iyaka dai ya guje wa sake buɗe murfi, kuma wannan kaɗai riba ce. Kwanakin farko kofin yakan zo da kaushi mai kartar maƙogwaro saboda ɓurɓushin da bai kwanta ba. Bayan kwana uku zuwa biyar sai ya daidaita.

Yawa ma yana da iyaka. Scott Lafontaine da Shellhammer sun wallafa a 2018 cewa da irin Cascade, ƙamshin lemo yana ƙaruwa har zuwa wajen giram 8 a kowace lita, daga nan kuma abin da ke ƙaruwa warin ganye ne da na shayi. A tanki mai lita 19 wannan ya kama kusan giram 150. Wanda ya zarce haka kuɗinsa yake zubarwa, ga kuma giyar da furen ke shanyewa wadda ba za ta dawo ba. An kuma daɗe ana cewa jiƙon sanyi ba ya taɓa ɗaci, sai John Paul Maye da abokan aikinsa suka nuna a 2016 cewa ba haka ba ne: ganyen yana tsotse wani kaso na ɗacin da aka samu a tafasa, yana kuma sakin wani ɗacin nasa na daban. Giya mai ɗaci sosai sai ta sassauta, marar ɗaci kuma ɗacinta ya ƙaru.

Wannan ilimi ya fita daga da'irar giya. Kamfanoni irin su Lagunitas na Kalifoniya suna sayar da ruwan hof, wato ruwa mai gas da aka jiƙa wa fure, babu tsiron sha'ir babu barasa. Masu tanki a gida suna yin nasu da ruwa, da ɗan lemon tsami, da jakar hof. Sai dai da yake babu barasar da za ta tsare shi, dole a ƙara masa tsami a kuma riƙe shi a sanyi. A ko'ina kuma ana gargaɗin masu karnuka su kula da inda suke zubar da tuƙar, domin hof guba ne ga kare, yana sa jikinsa ya yi zafin da kan kai ga mutuwa.

Abin da aka sani a 1893 aka manta

Wajen shekarar 2016 ƙananan kamfanonin Amurka suka fara ganin abin da ya ɗaure musu kai. Giyar da yis ya gama da ita, an auna an tabbatar babu sauran sukarin da zai ci, sai a jiƙa mata hof ta sake tashi. Barasa ta wuce abin da aka rubuta a jikin kwalba, gas ya yi yawa, gwangwani ya kumbura, wani lokaci har da warin man shanu wanda alama ce ta tsimin da bai kammala ba. Kamfanin Allagash na jihar Maine yana cikin waɗanda suka bi diddigin lamarin tare da masanan Oregon. A 2018 Kaylyn Kirkpatrick da Shellhammer suka fitar da sakamako. Sun ɗauki giyar kasuwa da ta gama nuna, suka sa mata Cascade da yis, cikin kwana 40 barasarta ta ƙaru da fiye da kashi 1 cikin 100, gas ɗin da ya taru kuma ya isa ya fasa kwalba. Dalilin shi ne furen hof yana ɗauke da sinadaran enzayim masu daddatsa dogon sitacin da yis ba ya iya ci, su mayar da shi sukari. Tafasa tana kashe su, jiƙon sanyi kuwa yana barinsu da rai.

Abin dariyar shi ne ba sabon labari ba ne. Horace Brown da Harris Morris, masana biyu da ke aiki a Burton, cibiyar giyar Ingila, sun rubuta wannan bayani tun 1893. A wurin mutanen zamaninsu ma alheri ne, saboda shi ke sa giyar ganga ta ci gaba da 'yar tashi a hankali tana samun gas a ɗakin ƙasa. Da aka koma tace giya da gasa ta kafin a sayar, kuma jiƙon hof ya ja baya, sai ilimin ya kwanta a ɗakunan karatu fiye da shekara ɗari. Abin da ya tashe shi, ban da yawan hof da ake zubawa yanzu, har da canjin da manoma suka yi: sun rage zafin da suke busar da fure don adana ƙamshi, kuma bincike ya nuna ƙarancin zafin yana barin enzayim ɗin da ƙarfinsu.

A wannan fage mai tankin gida ya fi kamfani kwanciyar hankali. A digiri 3 yis barci yake yi, enzayim ɗin ma da ƙyar suke motsi. Ko da an sami ɗan tashi, an ƙera tankin ya ɗauki matsi har awo 130 a ma'aunin psi, alhali a 10 zuwa 12 ake zuba giya, ga kuma bawul da zai saki abin da ya yi yawa. Matsalar tana zuwa ne ranar da giyar ta bar firji. Mutum zai cika kwalabe daga famfo don ya kai wa aboki ko ya aika gasar masu dahuwar gida, kwalaben su yi kwanaki a mota da sito cikin ɗumi. Enzayim ɗin da suka narke daga jakar suna cikin ruwan, ɗan yis ɗin da ya rage ya farka ya tarar da sabon sukari. Alƙalin gasa zai buɗe kwalba kumfa ta yi tsiri, ya shinshina ya ji man shanu, ya rage maki a kan giyar da mai ita ya ɗanɗana lafiya lau a gida. Shi ya sa waɗanda suka san dawan garin, idan sun yi niyyar aika giya waje, suke jiƙa hof ɗinta tun a bokiti, su ba yis kwanaki a ɗumi ya cinye abin da enzayim suka saki, jakar tanki kuma su bar ta ga wadda za a sha a gida.